Ƙuna da Diyya: Abin da Mai Jinya Zai Yi Tun Daga Gadon Asibiti

Wannan rubutu domin mai jinya ne. Shi wanda ya ƙone yana kwance, an sa masa ruwa, ba abin da ke ransa sai fargabar wankin ciwon gobe da safe, don haka ba shi da ƙarfin bin kadin haƙƙinsa. Wanda ke zaune a gefen gado, ƙani ne ko mata ko mahaifi, shi ne idonsa da ƙafarsa a makonnin farko, kuma da shi nake magana. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin masu ƙuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin da muka sallama cikin murna, ya dawo bayan shekara guda yatsunsa sun ƙage, likita ya ce sai an sake tiyata, kuɗin da aka ba shi sun daɗe da ƙarewa, takardar da ya sa wa hannu kuma ta rufe masa ƙofar kotu.

Ga inda matsalar take. Shaida tana ɓacewa cikin 'yan kwanaki: a share wurin, a sauya wayar da ta yi tartsatsi, a jefar da tukunyar gas, abokan aiki su yi gum saboda tsoron kora. Ita kuwa ƙuna ba ta gama nuna ɓarnarta sai bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda nauyin biya ke kansa ya san wannan sarai, shi ya sa yake so a gyara wurin da wuri, a kuma sa hannu da wuri. Kai sai ka juya lissafin. Ka yi sauri wajen tattara shaida da shigar da ƙara, ka yi nawa ƙwarai wajen sa hannu a kan sulhu.

Awa ta farko

Kafin maganar kotu akwai maganar fata. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana kwarara, minti 20 cur. Ko an makara, yin hakan yana da amfani har zuwa awa uku bayan ƙonewar, domin zafin da ya shiga fata yana ci gaba da cin ta ko bayan an kashe wutar. Kada a sa ƙanƙara, tana takure jijiyoyin jini ta ƙara wa ciwon zurfi. Kada a shafa mai, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko toka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kankare waɗannan daga kan ɗanyen ciwo ba zai ƙara ba wani wannan shawara ba. A cire zobe da agogo da abin hannu kafin kumburi ya taso. Tufar da ta manne a bar ta, a yanke ta kewaye. A rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle ko ledar naɗe abinci mai shara-shara, sauran jikin kuma a lulluɓe shi, musamman ƙaramin yaro, don sanyi na saurin kama shi.

Idan sinadari ne, a kakkaɓe garin tukuna in busasshe ne, sannan a yi ta kwarara ruwa fiye da minti 20. Soda da jiƙaƙƙen siminti sun fi asid nutsawa cikin nama, kuma sau da yawa magini ba ya jin komai sai bayan awanni. Idan lantarki ne, a kashe wutar kafin a taɓa mutum, kuma a kai shi asibiti ko da ɗan tabo kaɗai ake gani a tafin hannu, saboda ɓarnar tana ciki. Haka duk ƙunar fuska, hannu, ƙafa, al'aura, kan gaɓa, ko wadda ta zagaye hannu ko ƙirji. Wanda hayaƙi ya rutsa da shi a rufaffen ɗaki, muryarsa ta dishe ko ka ga baƙi a hancinsa, maƙogwaronsa na iya kumbura ya toshe cikin awanni, kada a jira.

A asibiti za a tambaye ka yadda abin ya faru. Faɗi gaskiya dalla-dalla: a ina, da ƙarfe nawa, me yake yi, me ya fashe. Wannan layin farko da likita zai rubuta shi ne shaidar da ta fi kowace nauyi, domin an rubuta ta kafin kowa ya yi tunanin kuɗi. Akwai masu gida da ke rako ma'aikaci asibiti, su biya kuɗin kati, su raɗa masa cewa ya ce a gida ya ƙone don kada a tsawaita magana. Kada ka yarda. In fayil ya ce a gida ne, lauyan da zai iya gyara wannan daga baya sai ya sha wuya.

Ka san abin da ke cikin fayil

Lambobi biyu ne suke bin mai ƙuna har kotu: zurfi da faɗi.

Ƙuna ta sama-sama tana yin ja, tana zafi, ta warke cikin mako guda ba tabo. Wadda ta shiga tsakiyar fata ita ce mai bororo da tsananin raɗaɗi. In ba ta yi nisa ba takan rufe cikin mako biyu, in ta yi nisa sai ta haura mako uku. Ta ƙarshe ita ce wadda ta cinye fatar gaba ɗaya. Za ka gan ta fari fat ko baƙi, ta bushe ta yi tauri, kuma ba ta zafi, saboda jijiyoyin da ke kai saƙon zafin sun mutu. 'Yan'uwa kan yi hamdala su ce ai ba ya jin ciwo a nan, alhali nan ne wuri mafi muni. Irin wannan ba ta rufewa da kanta sai in ƙarama ce ƙwarai, sai an yi dashen fata, wato a yanko siririyar fata daga wani wuri, galibi cinya, a shimfiɗa a kai. Ka lura cewa zurfin kan sauya a kwana biyu zuwa uku na farko. Abin da aka rubuta ranar farko ba lallai ya zama na ƙarshe ba, don haka kada wani ya riƙe takardar ranar farko ya ce da ita za a yi lissafi.

Faɗi kuma ana auna shi da kashi cikin ɗari na fatar jiki. A babba, kai kashi 9 ne, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaban gangar jiki 18, baya 18, al'aura 1. Tafin hannun maras lafiyar haɗe da yatsunsa kimanin kashi 1 ne. Jariri lissafinsa daban, kansa kaɗai ya kai kusan kashi 18. Da wannan lamba ake lissafa yawan ruwan da za a ƙara masa a awa 24 na farko, kuma ita lauyoyin ɓangarorin biyu za su fara nema.

Ka riƙa tambayar likita cikin ladabi: kashi nawa ne, wane zurfi, za a yi dashe ko a'a, ranar da kowane wuri ya rufe. Ka rubuta. Ranar sallama ka nemi takardar taƙaitaccen bayani, daga baya kuma kwafin fayil ɗin. A ƙasashe da yawa doka ta ba maras lafiya wannan haƙƙi.

Shaida, tun kafin a share wurin

Ka tura wani amintacce wurin da abin ya faru a ranar ko washegari, ya ɗauki hoto da bidiyo: na nesa da ke nuna ɗakin duka, da na kusa da ke nuna wayar da ta zare, bututun da ya tsage, ƙofar da aka kulle, wurin da ya kamata a ga abin kashe gobara amma babu. In akwai kyamarar tsaro, a rubuta wa mai wurin takarda a nemi ya adana hoton, domin yawancin na'urorin suna goge tsohon hoto da kansu bayan kwanaki ko 'yan makonni.

Abin da ya jawo ƙunar, in naku ne, kada a jefar, kada a gyara, kada a mayar wa mai shago ko kamfani ko da sun ce za su ba da sabo. Risho ne, batirin waya ne, tukunyar gas ce, tulun dafa ruwa ne, a ajiye shi yadda yake tare da kwalinsa da rasit da lambar da ke jikinsa. Ranar da ya bar hannunku, hujjarku ta bi shi. Tufafin da suka ƙone ma a sa a jaka a ajiye, musamman in kayan aiki ne da aka ce ba sa kamawa da wuta.

Ka rubuta sunaye da lambobin duk wanda ya gani. Ka tambaye su ko an taɓa yin ƙorafi a kan wannan abin a baya, kuma ga wa. Wannan tambaya tana da tsada, za ka ga dalili nan gaba. In 'yan kwana-kwana ko 'yan sanda sun zo, ka nemi rahotonsu. In a wurin aiki ne, a sanar da mai aikin a rubuce, ka riƙe kwafi mai kwanan wata.

Sai hoton ciwon kansa. Na san yana da nauyi a zuciya, kuma dole sai da yardar mai shi. Amma alƙalin da zai ga mutum bayan shekara biyu sanye da riga ba zai taɓa sanin abin da ya wuce ba sai da hoto. Ka nemi izinin ma'aikatan jinya a ɗauka lokacin da aka buɗe bandeji, sau ɗaya a mako, har da cinyar da aka yanko fata. Ka adana su a wuri biyu. Kada ka sa su a Facebook ko wani dandali, kuma shi ma maras lafiyar ya rage sa hotunansa yana dariya a taro, don kamfanonin inshora suna dubawa, su ce ga shi nan garau.

Ka sayi littafi guda. Kowace rana ka rubuta abin da aka kashe, har kuɗin mota da na abinci na musamman, ka manna rasit. Mai babbar ƙuna jikinsa na cin abinci ninkin yadda ya saba, yana buƙatar nama da ƙwai da madara fiye da kima, kuma wannan kuɗin magani ne. A ɗaya gefen ka rubuta yadda ya kwana, ko ya iya cin abinci da hannunsa, wa ya yi masa wanka, wa ya bar aikinsa don ya zauna da shi.

Abin da ke fitowa bayan an sallame ku

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kimanin 180,000 a shekara. Waɗanda suka rayu sun ninka haka nesa ba kusa ba, kuma wahalarsu ta gaske takan fara ne ranar da dangi suka zo barka da arziki.

Ciwon da ya ɗauki fiye da mako uku kafin ya rufe, da wuya bai yi tabo mai tudu ba, kuma masu baƙar fata sun fi fuskantar haka. A ranar sallama wurin a shafe yake, sumul. Bayan wata ɗaya zuwa uku sai ya fara tasowa, ya yi kauri, ya yi tauri, ya yi ta ƙaruwa har wajen wata shida, sannan a hankali ya fara laushi. Ba ya nuna kamanninsa na ƙarshe sai bayan wata 12 zuwa 18, wani har shekara biyu. A tsawon wannan lokaci ana sa matsattsiyar riga ta musamman da ake ɗinka wa mutum daidai jikinsa, awa 23 a rana, kuma ana sauya ta duk bayan 'yan watanni saboda tana saki. Ga man shafawa sau da yawa a yini, ga tausa, ga faifan silikon da ake mannawa. Duk kuɗi ne, kuma babu ko ɗaya a cikin takardar kuɗin asibitin da za a kawo maka a yi sulhu a kai.

Tabo yana janyewa. In ya ratsa gaɓa sai ya ja ta ya lanƙwashe: haɓa ta manne da ƙirji, hammata ta haɗe har hannu ya kasa ɗaguwa, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, yatsu su dunƙule, fatar ido ta kasa rufuwa, baki ya tsuke. Yadda maras lafiya ya fi jin daɗin kwanciya, a dunƙule, haka gaɓar za ta ƙage. Shi ya sa masu gashin ƙashi suke ɗaura masa abin da zai riƙe gaɓar a miƙe, suke tilasta masa motsa ta yana kuka. Ka taya su, kada tausayi ya sa ka kwance masa da dare. Wannan ma yana da fuska ta shari'a: in fayil ya nuna ya daina zuwa gashi ko ya ƙi sa rigar, ɗaya ɓangaren zai ce shi ya jawo wa kansa ƙagewar, a rage diyyar.

Yaro lamarinsa ya fi tsawo. Yana girma, tabon ba ya girma tare da shi. Hannun da yake miƙewa yana ɗan shekara huɗu zai iya ƙagewa yana ɗan shekara tara, a sake tiyata, a kuma sakewa lokacin balaga. Yarinyar da ta ƙone a ƙirji tana ƙarama, sai ta fara zama budurwa ake sanin ko tabon zai hana nono fitowa daidai. Duk wanda ya ce a kashe maganar yaro da kuɗin asibitin bana, zaluntar yaron zai yi, ko da kyakkyawar niyya ya zo.

Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani. Ƙaiƙayi mai hana barci, na watanni ko shekaru. Zafi kamar ana tsira allura, ko wurin ya mutu ba ya jin komai, har mutum ya sake ƙonewa bai sani ba. Fatar da aka dasa ba ta yin gumi, don haka wanda ƙunarsa ke da faɗi ba ya jure zafi, kuma in sana'arsa ta rana ce ko ta gaban wuta, wataƙila ya bar ta ke nan. Launin fata kan tafi ya bar dabbare-dabbare. Wanda lantarki ya ja, fitsarinsa kan yi duhu a kwanakin farko saboda naman da ya lalace yana wahalar da ƙoda, sannan bayan watanni ko shekaru yana iya samun yanar ido, raunin hannu, ko mantuwa. Tsohon tabon da ya riƙa fashewa yana zama gyambo kuma a kai shi a duba, domin bayan shekara 20 ko 30 wani kan rikiɗe ya zama sankarar fata.

Zuciya ita ce aka fi mantawa. Na ga ƙato majiyi ƙarfi da ba ya iya shiga kicin, ƙanshin hayaƙi kaɗai ya sa shi rawar jiki. Na ga matar da ta juya madubin ɗakinta ya kalli bango. Mafarkin wuta, firgita, saurin fushi, ƙin fita cikin mutane, rabuwar aure, fasa neman aure, duk suna cikin ɓarnar ƙuna, kuma kotu tana lissafa su in likitan ƙwaƙwalwa ya gani ya rubuta. Ka kai shi, don lafiyarsa da farko. Abin da ba a rubuta ba, a wurin kotu bai faru ba.

Wa zai biya

Za ka ji masu cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri. Haƙuri da ƙaddara bai hana a tambayi wanda ya bar wayar lantarki a zare ba, kuma neman diyya ba ramuwa ba ce, kuɗin tiyatar gobe ne.

A mafi yawan ƙasashe ana duba abu huɗu: akwai wanda nauyin kiyaye lafiyar mutumin ke kansa, ya yi sakaci da nauyin, sakacin ne ya jawo ƙunar, kuma an yi asara. Mai aiki da bai ba da kayan kariya ko horo ba, mai gidan haya da aka gaya masa waya na tartsatsi ya share, direban da ya jawo haɗari, otal da ruwan famfonsa ke fitowa a tafashe. Ruwa mai zafin digiri 60 yana cinye fata cikin 'yan sakan, mai digiri 49 kuwa sai ya ɗauki mintuna, shi ya sa tun 2010 Ingila ta ƙayyade ruwan bahon wanka a sababbin gidaje kada ya wuce digiri 48. Kada ka tsaya kan mutum ɗaya. A gobara guda ana iya samun alhakin mai gini, da ɗan kwangilar da ya ja waya, da kamfanin da ya ƙera na'urar.

In a bakin aiki ne, ƙasashe da yawa suna da asusu ko inshorar raunin ma'aikata, tsarin da Jamus ta fara a 1884. Daɗinsa ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba. Amma galibi magani da wani kaso na albashi yake biya, ba ya biyan raɗaɗi, kuma a wasu wurare, kamar yawancin jihohin Amurka, wanda ke ƙarƙashinsa ba ya iya kai mai aikin ƙara, sai dai wani na daban kamar maƙerin injin. In kaya ne ya zo da aibi, dokar ƙasashen Tarayyar Turai tun 1985 ta ɗora wa maƙeri alhaki ko ba a nuna sakacinsa ba. In kuwa da gangan aka yi, kamar watsa asid, shari'ar laifi daban, neman diyya daban, ɗaure mai laifi ba ya biyan kuɗin tiyata. Wasu ƙasashe gwamnati ce ke biya: a 2013 kotun ƙolin Indiya ta umarci a ba duk wanda aka watsa wa asid aƙalla rupi 300,000.

Mutane da yawa suna janyewa saboda suna ganin da nasu laifin. Shari'ar Stella Liebeck ta isa misali. A 1992, tana da shekara 79, ta sayi kofi a gidan abinci na McDonald's a birnin Albuquerque na Amurka, ta sa kofin tsakanin gwiwoyinta a cikin mota a tsaye don ta buɗe murfin, ya kife mata. A lokacin kamfanin yana sayar da shi da zafin digiri 82 zuwa 88. Kashi 6 na fatarta ya ƙone ƙurmus, ta yi kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashe. Ta nemi dala 20,000, aka ce za a ba ta 800. A kotu, a 1994, takardun kamfanin suka nuna ƙorafin ƙuna sama da 700 cikin shekara goma da suka gabata. Masu taya alƙali hukunci suka ce tana da kashi 20 na laifin, aka rage diyyarta daga dala 200,000 zuwa 160,000, suka ƙara tarar horo ta dala miliyan 2.7 wadda alƙali ya mayar 480,000, daga baya aka yi sulhu a asirce. Laifinta ya rage kuɗin ne kawai, bai kashe ƙarar ba, kuma ƙorafe-ƙorafen baya ne suka juya shari'ar. Haka dokar take a wurare da yawa, ko da yake akwai 'yan wuraren da ɗan laifi kaɗan ke rushe ƙara, don haka kada maras lafiya ya yi ta cewa "laifina ne" a gaban kowa kafin ya ga lauya.

Wa'adi

Kowace ƙasa tana da wa'adin shigar da ƙara, in ya wuce shi ke nan, komai ƙarfin hujja. A Ingila shekara uku ne, na yaro kuma ba ya fara ƙirguwa sai ya cika 18. A Faransa shekara goma ne daga ranar da likita ya ce raunin ya tsaya a matsayinsa na ƙarshe. A jihar Kalifoniya ta Amurka shekara biyu ne, amma in hukumar gwamnati ake ƙara sai an gabatar da buƙata cikin wata shida. Wannan gajeren wa'adi na hukumomi ya zama ruwan dare, haka na sanar da raunin wurin aiki, wanda a wasu wurare kwana 30 ne. Don haka ka ga lauya tun maras lafiya na kwance, tambayarka ta farko kuma ita ce: wace rana ce ta ƙarshe? Ka rubuta ta a bangon littafinka. Alkawarin baki na "za mu duba" ba ya tsayar da wa'adi, kuma akwai masu jan mutum da daɗin baki har ranar ta wuce. Shigar da ƙara ba ya hana sulhu, yana tsare maka ƙofa ne har tabo ya nuna.

Lissafi, lauya da sa hannu

Diyya tana da ɓangaren da rasit ke nunawa: magani, tiyata, sufuri, albashin da aka rasa, kayan da suka ƙone. Tana da ɓangaren gaba, wanda a babbar ƙuna ya fi na baya yawa: tiyata nawa ake sa ran yi, rigunan matsi, gashi, ganin likitan ƙwaƙwalwa, koyon sabuwar sana'a, bambancin abin da yake samu da da wanda zai iya samu yanzu har ƙarshen shekarun aikinsa. Sai raɗaɗi, da sauyin kamanni, da abubuwan rayuwa da ya rasa. Hidimar da kai mai jinya ka yi kyauta ma kotunan ƙasashe da dama suna yi mata kuɗi, kada kunya ta sa ka cire ta. Ɓangaren gaba ba ya tsayuwa sai da rahoton likitan tiyatar gyaran fata wanda ya duba mutumin bayan tabo ya fara nuna, ya rubuta abin da zai buƙata. Mai sana'ar hannu da ba shi da takardar albashi ya tattara littafin ciniki, saƙonnin banki, da shaidar abokan hulɗa.

Wajen zaɓen lauya, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa riƙe shari'ar ƙuna, da wane likita zai yi aiki, da yadda za a biya shi. Wasu ba sa karɓar komai sai an ci, su ɗauki kaso. A Amurka yakan kama daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40. Ka tambaya ko kuɗin rahoton likita da na kotu suna cikin kason ko daban, da wanda zai biya in an faɗi, kuma a rubuta komai. Wanda ya yi maka alkawarin adadi a zaman farko bai ga fayil ba, ka yi hattara da shi. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin ba da agajin shari'a kyauta ko ƙungiyar ƙwadagonsa.

Wakilin inshora zai zo da fara'a, wani lokaci har gefen gado, ya nemi ya naɗi muryar maras lafiya yana ba da labari. Mutumin da ke kan allurar kashe zafi ba ya cikin hayyacin da zai ba da bayanin da za a riƙe shi da shi. Ka ce a yi magana da lauya. Ba laifi ba ne a karɓi kuɗin magani daga wanda ake tuhuma, sau da yawa ma dole ne, amma takardar karɓa ta faɗi ƙarara cewa wani ɓangare ne na biya kafin a kammala lissafi. Ƙasashe da dama suna ba kotu ikon umartar irin wannan biya na wucin gadi yayin da shari'a ke tafiya, ka sa lauya ya nema, don yunwa da bashin asibiti su ne suke tura mutane sa hannu da wuri.

Duk takardar da ke ɗauke da kalmomi irin su biya na ƙarshe, ko yafe duk wata buƙata ta yanzu da ta gaba, kada a sa mata hannu ko a dangwala yatsa sai lauyanku ya karanta, kuma sai likita ya ce tabo ya tsaya. In akwai haɗarin da likita ya ambata zai iya tasowa daga baya, kamar yanar ido ko sankara, a tambaya ko dokar wurin ta yarda a bar ƙofar dawowa kotu a kansa, Ingila ta yarda da haka. Sulhun da ya shafi yaro, a ƙasashe da yawa ba ya tabbata sai alƙali ya amince, kuma akan ajiye kuɗin a asusu da sunansa, a riƙa cirewa da izini don magani da karatu. Ko doka ba ta tilasta ba, ku yi hakan da kanku, ku sa mutum biyu su zama masu sa hannu, ku ware kuɗin tiyatar da likita ya lissafa a asusu daban wanda ba a taɓawa don wata hidimar gida.